Yadda Muka Kai Sakata Damagaram

Tashi daga Gure

Mun bar Gure ranar Litinin da aka sallame sallar asuba, ƙarfe biyar da kwata a agogon Sarjan Kyari. Na ce a agogonsa ne domin agogon nan yana da ra'ayin kansa, in rana ta yi zafi ya yi sauri, in an yi sanyi ya ja ƙafa. Mu goma sha uku ne, da raƙuma biyu, da takarkari guda mai ɗauke da gero da salkunan ruwa. Balo kuwa, wato ƙwallon ƙafa, tana cikin akwatin ƙarfe, akwatin yana ɗaure a gaban sirdin Sarjan, makullin yana rataye a wuyansa tare da layunsa.

Waɗanda ba su riski zamanin ba sai na yi musu bayani. Wannan tafiya an yi ta ne da kaka, shekara guda kafin babban yaƙin da aka sake kwashe mana samari. Ni ne ƙaramin malamin lakwal, wato makarantar boko, na Gure, kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malami da Faransanci, har tsofaffin da suka haife ni. A duk ƙasar Gure balo guda ce tak, ta Sarjan Kyari. Daga Faransa ya zo da ita da ya gama soja, wani abokinsa na bariki ya ba shi ranar da suka rabu, kuma tun daga ranar bai sake jin labarinsa ba. Ranar Juma'a kaɗai ake fito da ita bayan la'asar. In an tashi wasa ya shafe ta da man shanu, ya duba ɗinkinta ɗaya bayan ɗaya, ya mai da ita akwati.

Bakina ne ya ja mana tafiyar. Ina da aboki a Damagaram, Mushe Lawali, tare muka yi karatu. Na rubuta masa wasiƙa na cika baki cewa samarin Gure in suka taka balo ko sojan bariki sai ya ba su hanya. Ya amsa da cewa mu zo a gwada, kowane gari ya kawo balonsa, wanda ya ci ya tafi da duka biyun, in kuwa aka tashi babu ci kowa ya ɗauki tasa. Na rubuta masa na ce mun yarda. Sai da wasiƙa ta yi nisan kwana biyu sannan na tuna balon da na sa a caca ba tawa ba ce.

Da na je na gaya wa Sarjan, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Mushe, ka riga ka sa hannu?" Na ce na sa. Ya ce, "To an gama. Ba za a ce mutanen Gure sun yi magana sun janye ba. Amma ka nemo mini dabarar da balona za ta dawo gida."

Dabarar a cikin jarida na samo ta. Kukun Kumandan yakan ba ni tsofaffin jaridun Faransa da ake naɗe kaya da su. A cikin wata, wadda maiƙo ya cinye rabinta, na karanta labarin babbar gasar balo da ƙasashen duniya suka yi a Turai. An ce wata 'yar ƙaramar ƙasa ta cikin duwatsu ta tsaya wa wata babba, da wani salo da suka ba suna. Na duba sunan a ƙamus na tarar ma'anarsa sakata, irin ta ƙofa. Mutum uku ne suke tsayawa gaban ƙofar wasa, na huɗu yana bayansu yana zuwa dama yana zuwa hagu. Marubucin ya ce 'yan kallo sun rabu biyu, wasu na cewa hikima ce, wasu na cewa kashe wasa ne. Sauran bayanin yana inda maiƙo ya ci.

Sarjan ya saurara har na gama, ya ce, "In mutum ɗaya sakata ne, goma fa?" Na ce jarida ba ta faɗi haka ba. Ya ce, "Jarida ba ta da balo a akwati."

Kuskurena na biyu shi ne Gardi Bukar. A ƙarshen wasiƙar Lawali ya rubuta da Faransanci cewa kada mu manta da gardiyan ɗinmu. Ni kuwa na ɗauka gardi yake nufi, wato dogarin Kumandan mai jar hula, na ce lallai Damagaram ba a shiga da ayari sai da rakiya. Na je biro, ofishin Kumandan, na sa aka rubuta mana takardar hanya, 'yan wasa goma da gardi ɗaya, aka buga hatimi. Da Sarjan ya ga takardar ya dafe kai ya ce, "Mushe, gardiyan shi ne mai tsaron ƙofar wasa!" Takarda mai hatimi ba ta gyaruwa, kuma Kumandan ya tafi rangadi. Haka aka ba mu Bukar, mai tsaron gidan kaso, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai da tumbi a gaba, wanda bai taɓa sa wa balo ƙafa ba. Sai Sarjan ya ce, "Bari. A duk Gure ƙofa nawa ce mai sakata? Ta kaso ce da ta ɗakin ajiyar Kumandan. Wa ya san aikin in ba shi ba?"

Ranar farko, bakin rijiya

Mun yi kamar kilomita talatin cikin rairayi, muka sauka bakin wata rijiya ƙarfe huɗu da rabi. Kafin a ɗora tukunya Sarjan ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya kafa sanduna biyu suka zama ƙofa, ya tsai da Bukar a tsakani. Ya ce wa sauran goma duk wanda ya tsallake layin nan gobe shi zai ɗauki salka a kai.

Kowa ya yarda sai Mutari. Mutari shi ne mai gudun wasiƙa tsakanin Gure da Bune, siriri ne dogo, kuma duk cin da aka taɓa yi ranar Juma'a fiye da rabi nasa ne. Ya ce, "Baba Sarjan, ni fa ban iya tsayuwa ba. Ko salla nake sai na ji ƙafata tana motsi." Sarjan ya ce zai koya. Aka jefa balo, ba a yi minti biyu ba Mutari ya ɗauke ta ya tsallake layi ya nufi daji. Sarjan ya daka tsawa, "Koma!" Raƙuma suka zabura. Kafin magariba na ƙirga "Koma" goma sha ɗaya, duk na Mutari.

Bukar kuwa tambaya ɗaya ya yi: shin an yarda ya kama da hannu? Aka ce an yarda, shi kaɗai. Ya ce, "To ai aikina ne na kullum." Muka ci tuwon gero da miyar kuka, muka kwanta da wuri.

Gidigir

Mun isa Gidigir ranar Talata ƙarfe uku na yamma, kilomita sittin da biyar ke nan daga gida bisa taswirar biro. Mutari ya shigo gari da salka a kai, yana tafe yana huci. Bulama, mai garin, ya sauke mu a zaurensa, aka kawo burabusko da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Da aka ji muna da balo sai gari ya taru, domin yawancinsu labarinta kawai suke ji.

Muka yi musu gwaji a fili. Sarjan ya ware samarin Gidigir goma ya ce su zo su ci mu. Suka yi ta bugu, namu suna tarewa, babu wanda ya tsallake layi sai Mutari sau uku. Da aka tashi Bulama ya kira ni gefe ya ce, "Mushe, yaushe naku za su fara wasan?" Na ce ai wasan ke nan. Ya ce, "A'a. Na ga namu suna wasa, naku suna hana su."

Na yi masa bayanin sakata da ƙasar duwatsu da babbar gasa. Wani tsohon ɗan kokawa da ke zaune kusa ya kada baki ya ce, "Ni na yi shekara ashirin a fage. Akwai irin waɗannan, mutum ya shigo ya ƙanƙame ka ya ƙi faɗuwa ya ƙi kayarwa, har makaɗa su gaji. Ba a kayar da shi ba, gaskiya ne. Amma ka taɓa jin an yi masa waƙa?"

Sarjan ya ce, "Ni ba waƙa na fito nema ba."

Wani makiyayi ya ce shi yana bayan Sarjan, domin wanda ya kai garke kiwo ya dawo da shi cif ya yi aiki, ko bai ƙaro ɗan akuya ba. Ɗan kokawa ya ce to su je Damagaram su yi kiwon balo. Gardama ta kaure, mutanen da ba su taɓa ganin balo ba sai yau suka rabu biyu, har aka kira magariba ana nuna wa juna yatsa. Ni dai na lura Sarjan ya jawo akwatin kusa da ƙafarsa.

Gidimuni

Wannan ita ce rana mafi wuya, kilomita arba'in, daga ƙarfe biyar na safe har biyar da rabi na yamma. Amma wanda ya gangara kwarin Gidimuni ya ga dabino da rake da ruwa kwance, gajiyarsa takan ragu. Muka sauka a kampama, ɗakin baƙi na gwamnati, wanda rufinsa ya fi ƙofarsa iska.

Masu lambu na Gidimuni su ne mutanen farko da suka fahimce mu ba tare da dogon bayani ba. Ɗayansu ya ce, "Ai shinge kuke nufi. Mu shekara muke yi muna wannan wasa da awaki." Suka ba Bukar shawara ya riƙa kallon ƙafar mai bugu ba fuskarsa ba, domin akuya ma in za ta kutsa wani wuri take kallo, wani take nufa. Suka cika mana buhu da rake.

Wadda ta ɓata mana lissafi wata dattijuwa ce mai fura a bakin kasuwa. Tana dama mana tana jin hirarmu, sai ta ce da ni, "Ɗana, in na gane, za ku Damagaram ne don kada a ci ku?" Na ce haka ne, Inna. Ta ce, "Ku kuma ba za ku ci ba?" Na ce ba dole ba ne. Ta ajiye ludayi ta ce, "To da kun zauna a Gure, wa zai ci ku?"

Mutari ya ƙyalƙyale da dariya har fura ta sarƙe shi. Sarjan ya shanye furarsa ya miƙe ya ce a je a ja layi. Ranar Mutari bai tsallake ba sai sau ɗaya, kuma ko kafin Sarjan ya rufe baki ya riga ya juyo.

Kamiyo zuwa Mirya

Ranar Alhamis Allah ya kawo mana kamiyo mai ɗaukar kanwa zuwa Damagaram. Muka bar dabbobinmu wurin masu lambu, muka hau kan buhuna ƙarfe bakwai da minti goma. Rabin 'yan wasanmu ba su taɓa hawa mota ba. Bukar ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu yana salati, ya ce in an sauka lafiya ba zai sake zagin raƙumi ba.

Shofer, mai tuƙin, mutumin Dahome ne, ya zauna a birnin bakin teku, ya ga wasa na gaske mai raga da takalma. Ni da Sarjan muna gaba kusa da shi. Da na ba shi labarin sakata ya saki sitiyari ya tafa hannu ya ce da Hausarsa mai gishiri, "Wannan ba balo ba! Balo gaba, gaba! Mutane sun zo su ga bi, ba su zo su ga katanga ba." Bi shi ne ci a bakinsu. Ya ce a garinsu in 'yan wasa suka yi haka da ɓawon lemo ake jifansu.

Bai rufe baki ba kamiyo ta nutse cikin rairayi har gindi. Muka sauka, aka shimfiɗa zana ƙarƙashin ƙafafun motar, muka tura. Sau huɗu muna haka kafin Mirya. A na huɗun Sarjan ya leƙa ta taga, gumi na zuba, ya ce masa, "Gaba, gaba, shofer." Mutumin bai ƙara zancen balo ba.

A Mirya, ƙarƙashin tsamiya, akwai shingen gardawa masu jar hula irin Bukar. Babbansu ya karɓi takardarmu ya juya ta sama da ƙasa, ya nuna akwati ya ce me ke ciki. Sarjan ya buɗe. Babban nasu ya ce wannan ba ta cikin takarda. Nan Bukar ya yi mana rana, ya sauko ya gyara jar hularsa ya ce, "Fursuna ce, ni ke rakiyarta." Suka yi dariya suka ɗaga sanda. Muka shiga Damagaram ƙarfe huɗu saura kwata, farare fat da ƙurar kanwa.

Damagaram

Lawali ya sauke mu gidan kawunsa a Zango, ya yanka mana ɗan akuya, ba zan ci amanarsa ba wajen karɓar baƙi. Amma da ya ga Bukar ya tambayi ko wane ne, na ce gardiyan ɗinmu ne, sai da ya jingina da bango don dariya. Ya nuna mini balonsu, sabuwa ce ja. Ya dubi tamu da faci uku a jikinta ya ce zai ba 'yan aji ɗaya su riƙa koyo da ita. Sarjan ya ji, ya mai da ita akwati ya kulle.

Aka yi wasa ranar Juma'a bayan la'asar, a filin da ke gindin duwatsu. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, har kan duwatsu mutane ne. Mai busa wani Nasara ne ma'aikacin gidan waya. Aka shirya rabin farko da balonsu, rabi na biyu da tamu. Cikin 'yan wasansu huɗu soja ne masu takalma, namu kowa da ƙafar da Allah ya ba shi.

Da aka busa, mutanenmu goma suka ja da baya suka jeru gaban Bukar. 'Yan Damagaram suka tsaya suna kallon juna, sun ɗauka wata gaisuwa ce ta gabas. Da suka gane suka afko. Balo ta bugi ƙauri, ta bugi gwiwa, ta bugi ƙeya, ta dawo. Suka sake, ta dawo. Ba a yi minti goma ba aka fara ihu daga kan duwatsu: "Matsorata! Ku fito! Gure ta zo jiran gawa!"

Kusa da ni akwai mahauci da maɗinki, da gani abokan gardama ne tun ba yau ba. Mahauci ya ce ya rufe tukubarsa ya zo, ga shi yana kallon mutum goma sha ɗaya tsaye kamar masu jiran biyan haraji. Maɗinki ya ce shi abin ya burge shi, a dubi yadda ba su bar ko kafar allura ba. Mahauci ya ce in haka ne wasa to bangon Birni ya fi kowa iyawa. Maɗinki ya ce ai shi ya sa har yau bangon yana nan. Suka juyo gare ni in raba su, na ce ni baƙo ne.

Can wani soja ya sami kafa ya sheƙa wata irin bugu. Bukar bai ko motsa ba, balo ta same shi a tumbi, ya rungume ta, ya zauna a kanta. Aka jira ya tashi, ya ƙi. Nasara ya busa, ya ƙi. Aka kira ni in yi tafinta. Na ce, "Ya Bukar, sake ta mana." Ya ce, "Mushe, shekarata goma sha bakwai a aikin nan. Abin da na kama ba ya fita sai da takarda." Na fassara wa Nasara, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya zaro wata 'yar takardar waya daga aljihu ya miƙa masa. Bukar ya karɓa da hannu biyu, ya soke ta a hula, ya tashi ya narka wa balo ƙafa ta faɗa bayan duwatsu. Sai da aka yi minti biyar ana nemanta.

Haka aka yi ta yi. Aka juya, aka sa tamu. Duk bugun da takalmin soja ya yi mata sai in ga Sarjan ya runtse ido. Yana tsaye bakin layi da agogo a hannu, kuma da yake rana ta yi sanyi agogon ya soma jan ƙafa, shi yana cewa saura da yawa alhali an kusa tashi.

'Yan Damagaram ran maza ya ɓaci. Suka taso gaba ɗaya, har mai tsaron ƙofarsu ya baro wurinsa ya zo tsakiya yana zagi. Aka yi wata cakuɗuwa gaban Bukar, balo ta bugi goshinsa ta yi sama, ta sauka gaban Mutari. Ban san abin da ya shiga kansa ba. Ya ɗauke ta ya tsallake tsakiya, ya wuce mai tsaron ƙofa kamar an kafa shi, ya miƙa. Babu kowa gabansa sai sanduna biyu da sarari. Duk filin ya miƙe, mahauci yana ihu yana dukan bayan maɗinki.

Sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Sarjan Kyari, mai sakata goma, ya yar da sanda ya yar da agogo, yana gudu bakin layi da gurguwar gwiwarsa yana kururuwa, "Tafi! Buga! Buga, ɗan nan!" Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Barbarci, ya faɗa da Faransancin bariki.

Cikin wannan hayaniya Mutari bai ji kalma ba, murya kawai ya ji. Kwana huɗu kuwa muryar nan abu ɗaya take gaya masa. Saura taku kamar goma ya taka balo ya tsaya cik. Ya juya. Ya komo da ita a guje, ya ratsa 'yan Damagaram da suka saki baki, ya kawo ta har gaban Bukar ya ce, "Ga ta, Ya Bukar." Bukar ya zauna a kanta. Nasara ya busa tashi.

Babu ci. Lawali ya zo ya ba ni hannu ya ce bai san ko ya taya ni murna ko ya yi mini jaje ba. Mahauci ya tofar da yawu ya tafi, maɗinki ya bi mu har masauki yana sa albarka. Sarjan ya ɗauki balonsa ya duba ɗinki, ya sa a akwati ya kulle. Ni na ji sanyi a raina ƙwarai, domin na fita kunya. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Komowa

Ba mu sami kamiyo ba, da ƙafa muka taka har Gidimuni, kwana biyu. Mai fura ta hango mu ta ce, "An ci ku?" Muka ce a'a. "Kun ci?" Muka ce a'a. Ta ce, "Sannunku da hanya," ta ci gaba da damunta. A Gidigir makiyayi ya yi murna, ɗan kokawa ya ce a ba shi labarin gudun Mutari, da aka kai wurin juyowa ya tashi ya bar zauren.

Duk hanyar nan Sarjan bai ja layi ba, bai buɗe akwati ba. Mutari yana tafe a bayan ayari shi kaɗai, ya ɗauki salka ba wanda ya sa shi. A bakin rijiyar farko na je na zauna kusa da Sarjan na ba shi haƙuri a kan wasiƙata. Ya ce ba wasiƙa ke damunsa ba. Ya ce, "Wanda ya ba ni balon nan, Mushe, irin Mutari ne. In ya ɗauke ta ba ya waiwaye. Da na ga yaron nan yana gudu, wallahi shi na gani. Ni kuma na koya masa juyowa."

Mun shiga Gure ranar Laraba ƙarfe huɗu da rabi, ko biyar, gwargwadon wanda ka tambaya. Mutane suka tarye mu a filin wasa, wanda ke gab da lambun liman. Aka yi tambayoyin nan biyu, muka ba da amsoshin nan biyu, murna ta rasa inda za ta sauka. Sai Sarjan ya sauko daga raƙumi ya cire makulli, ranar kuwa ba Juma'a ba ce. Ya auna taku goma daga ƙofa ya ajiye balo. Ya ce, "Bukar, shiga ƙofarka. Mutari, zo ka ƙarasa abin da na katse maka."

Mutari ya ce, "Baba Sarjan, in buga?"

Ya ce, "Da duk ƙarfinka."

Mutari ya ja da baya ya sheƙo. Bukar ya dubi Sarjan, ya dubi Mutari, sai ya matsa gefe guda ya ƙame ya sara, yadda yake yi in an sallami fursuna. Balo ta wuce tsakanin sanduna kamar harsashi, ta ci gaba, ta faɗa shingen ƙayar liman. Duk muka ji ƙarar fitar iskar, doguwa, har ta ƙare.

Ba wanda ya yi motsi. Kilomita ɗari uku da talatin muka yi muna tsaronta daga takalman soja. Mutari ya ɗora hannu a ka. Sarjan ya taka a hankali ya zaro ta daga ƙaya, ta yi laushi kamar tsohuwar hula, ya juya ta a hannu. Ya ce, "Mushe, kai ne mai karatu. Ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Na ce, "Ta shiga, Baba."

Ya ce, "To rubuta wa abokinka."

Sai ya fashe da dariya, yana yi hawaye na bin gemunsa, mu ma muka kama. Washegari baduku ya cusa mata audugar rimi ya ɗinke. Ba ta ƙara tsalle ba, amma ba ta ƙara kwana a akwati ba, kullum tana fili har fatar ta ƙare. Akwatin Sarjan ya ba matarsa ta riƙa ajiye daddawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mu goma sha uku babu wanda ya yi ko targaɗe. Na gode wa Bulaman Gidigir da masu lambun Gidimuni, da shofer, da Lawali da kawunsa. Na gode wa Inna mai fura, wadda har yau ban sami amsar tambayarta ba. Liman kuma ya yafe mana shingensa, ya ce shingen dai ya yi aikin da aka kafa shi dominsa.